Layin Ƙasa da Takardar Yaya Mai Hatimi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wato Daraktanmu, ranka ya daɗe, babban baƙonmu da ya taso daga hedikwata, Sakataren Mulki, shugabannin sassa, na zane da na duba gine-gine da na adana fayiloli, wakilan ƙungiyar ma'aikata, wakilan magina, waɗanda kullum suke tsaye a gaban tagarmu suna jiran izinin gini, yau kuma Allah ya yi muka ba su kujeru, Injiniyanmu mai kula da na'urori, direbobi da masu gadi, da ba su da kwamfuta ko ɗaya amma suka cika sahun baya domin su ga yadda masu kwamfuta za su ƙare, 'yan'uwana maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya, kowa da girmansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne shugaban masu buga takardu na wannan ofishi. Shekara ashirin da bakwai ina wannan aiki, tun zamanin na'urar da ake jin ƙararta daga bakin titi, shi ya sa har yau ake ce mini Tafireta, ina kuma amsawa. Ina gode wa shugaba da ya ba ni damar magana. Ina gode wa kwamitin da ya shirya wannan zama, da ƙaramin kwamitin da ya shirya wa kwamitin zamansa. Mun sha ba da izinin gina bene mai hawa bakwai ba tare da an tara mutum goma ba, amma yau ga mu mun haura ɗari a zaure guda saboda abin da faɗinsa bai wuce yatsana wannan ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa baƙonmu cewa mu mutane ne masu ɗaukar aiki da muhimmanci.

Abin da aka tara mu a kansa, domin na sahun baya su fahimta, shi ne ɗan layin nan da ke kwance a ƙasan fuskar kowace kwamfuta. A kansa agogo yake, a kansa mutum yake ganin takardun da ya buɗe a jere, a kansa kuma wani ɗan jan ɗigo yake fitowa idan saƙo ya shigo. Tambayar ita ce: a bar shi a fili kullum, ko a sa shi ya riƙa ɓuya, sai an tura kibiyar linzamin kwamfuta can ƙasa sannan ya leƙo? Za mu kaɗa ƙuri'a, kuma zan faɗi ra'ayina.

Amma ba zan ɓoye muku ba, ba don layin kaɗai na nemi magana ba. Akwai takardar tuhuma guda a cikin fayil ɗin Yaya Mai Hatimi, ga ta can a sahu na uku, wadda take karɓar takardun jama'a a taga tun kafin a haifi wasunku. Ƙarshen wannan wata za ta yi ritaya, bayan shekara talatin da huɗu. Dokarmu kuwa ta ce duk wanda aka tuhuma a shekararsa ta ƙarshe, ba a ba shi takardar shaidar kyakkyawan aiki, ba a kuma kiran sunansa a gaban jama'a ranar sallama. Layin nan ne ya jawo mata takardar, don haka ba zan iya ɗaukar ɗaya in bar ɗaya ba.

Magana ta farko, hujjar masu son layin ya ɓuya, tunda an riga an sa shi ya ɓuya a kwamfutocinmu, kowa ya ɗanɗana. Zan yi musu adalci, domin suna da gaskiyarsu. Dogo na sashen zane ya tare ni a matakala ya ce, "Tafireta, ni fa wallahi na ji daɗinsa. A da, in na buɗe zanen bene sai in ga gini ba tushe, layin ya cinye. Yanzu har magudanar ruwa ina gani." Ban yi masa musu ba. Wanda yake wuni yana kallon zane guda, faɗin yatsa a wurinsa fili ne. Haka masu duba gine-gine da suke yawo da ƙananan kwamfutoci a jaka, fuskar da ma ba ta ishe su ba.

Injiniya kuma ya zo da lissafi. Ya tara faɗin yatsa talatin da takwas, adadin kwamfutocinmu ke nan, ya ce ma'aikata ta samu ƙarin filin da ya kai na kwamfuta biyu. Na tambaye shi a wane ofishi aka ajiye waɗannan biyun, domin akwai masu buga takardu a sashena da suke karɓa-karɓa da guda ɗaya. Ya ce ban fahimci lissafin ba, kuma na yarda ban fahimta ba. Sai ya ƙara da cewa fuskar ta fi tsabta idan babu tarkace a ƙasa. Wannan kam na fahimta, domin na taɓa ganin irinsa a gida. Uwargidana ta taɓa share teburin falo tas, ta kwashe makullai da tabarau da duk abin da nake ajiyewa a kai, ta adana su a inda ya dace. Falo ya yi kyau ƙwarai, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ni kuwa na yi rabin safiya ina laluben tabarau, ba tabarau a idona.

Magana ta biyu, abin da mu masu wuni a kan maɓallai muka gani da idonmu. Mai buga takarda ba ya kallon abu guda. Yana da wasiƙa a buɗe, yana da jerin sunaye, yana da tsohuwar takardar da yake kwafa daga ciki, kuma yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Na sa takarda a gefe na yi ta yin 'yar alama da biro duk lokacin da na nemi layin ƙasa, kafin a tashi na ƙirga ɗari biyu da goma sha ɗaya. Sau ɗari biyu da goma sha ɗaya ina zuwa ƙofar abu guda ina sallama, ina jiran ya ga dama ya fito.

Kuma da a ce yana fitowa idan an kira shi, da da sauƙi. Ka tura kibiya ƙasa, ya yi kunnen uwar shegu da kai. Ka ƙara turawa, linzami ya zame daga bakin tebur yana reto. Ka haƙura ka koma aikinka, ka cika takardar izini tun daga sunan mai fili har zuwa yawan tagogi, ka gangaro za ka danna Ajiye, wanda kowa ya san a can ƙasan takardar yake, sai ga layi ya taso ba wanda ya gayyace shi, ya tare maɓallin, ka danna wani abu daban. Lokacin da kake nemansa ba ya nan, lokacin da ba ka nemansa yana nan. Mai tsayayyen hannu yana iya saba masa, amma akwai mu da hannunmu ya fara rawa, kuma ba mu muka roƙa ba, shekaru ne.

Sai jan ɗigon saƙo. Jama'a, amfanin ƙararrawa shi ne ta same ka a inda kake. Idan sai ka tashi ka je ka buɗe akwati ka duba ko ta kaɗa, to ka nema mata wani suna. Wannan jan ɗigo shi ya kai mu ga magana ta uku, kuma ita ce mai tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ranar wata Asabar, mako biyar da suka wuce, babu kowa a ofis, Injiniya ya bi kwamfutoci talatin da takwas ɗaya bayan ɗaya ya sa layinsu ya ɓuya. Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan na shaida. Ranar Litinin kuma ya tafi bita ta kwana uku. Muka zo da safe, kowa ya kunna tasa, kowa ya ga layi ya yi ɓatan dabo.

To kun san sanarwar da ke manne a allon bakin ƙofa tun bara: duk wanda ya lalata na'urar ma'aikata, takardar tuhuma ce. Saboda haka kowane ɗayanmu ya sha jinin jikinsa. Kowa ya tuna abin da ya danna ranar ƙarshe kafin a tashi, kowa ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ne ya ɓata, kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Da kibiya ta ɗan gangara layin ya leƙo ya koma, sai hankali ya ƙara tashi, domin yanzu ya tabbata abin ya lalace ke nan, har yana shure-shure.

Ban taɓa ganin wannan ofishi ya haɗa kai irin na kwanakin nan uku ba. Wani ya jingina kalanda a ƙasan fuskar kwamfutarsa. Wata ta jera ƙananan takardun nan masu mannewa, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba a rubuta komai a kansu ba. Wani babba, ba zan kama suna ba, ya juya tasa ta kalli bango, ya ce hasken taga yana damunsa, alhali ofishinsa ba shi da taga. Da yake an hana ajiye waya a kan tebur, agogo kuma ya tafi tare da layi, sai manyan ma'aikata suka riƙa fita bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya suna gaida mai gadi, suna tambayarsa iyali, sannan a ƙarshe, kamar abin bai dame su ba, su ce, "Af, ƙarfe nawa ma yanzu?" Mai gadi yana can baya, ku tambaye shi ko ya taɓa shan gaisuwa irin ta wannan mako.

A cikin wannan shiru, ranar Litinin ɗin, hedikwata ta aiko da saƙo tana neman jerin izinin da muka bayar a wata uku, a kai mata kafin Laraba. Jan ɗigo ya fito kamar yadda ya saba, a kan layin da ba mai gani. Laraba ta zo, hedikwata ta kira a fusace, ta ce a gaya mata wanda ya jawo wannan sakaci.

Mutum ɗaya tak ya yi magana a cikin talatin da takwas. Duk wanda ya san Yaya Mai Hatimi ya san al'adarta: kowace safiya, kafin ta buɗe taga, takan fito da farin hankici ta goge tebur, ta goge hatimi, ta goge fuskar kwamfuta, sannan ta kunna. Ranar Talata ta ɗauki biro ta rubuta wa Sakataren Mulki wasiƙa da hannunta. Ta ba ni izini in karanta muku:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa da safiyar Litinin na goge fuskar kwamfutata da hankici kamar yadda na saba, kuma da alama na danna da ƙarfi, layin ƙasa ya goge. Wani lokaci yana dawowa kaɗan, sai ya sake tafiya. Laifina ne, ba na kowa ba. Ina roƙon a gyara, domin jama'a suna jira a taga."

Na ji wasu suna dariya. Ku yi, ba laifi, maganar tana da ban dariya. Amma ku tuna cewa a ranar da ta rubuta wannan, masu digiri suna ɓoye a bayan kalanda. Ita ta yi kuskure a kan yadda kwamfuta take aiki, mu kuma mun yi kuskure iri ɗaya da nata, muka ƙara da ɓoyewa.

Da hedikwata ta nemi suna, suna yana kan tebur, da sa hannu, da kwanan wata. Kafin a tashi ranar Laraba an ba Yaya takardar tuhuma: lalata layin ƙasa na kwamfutar ma'aikata ta hanyar shafa, wanda ya jawo jinkirin amsa saƙon hedikwata. Ba wanda ya tsaya ya tambaya yadda hankici guda a taga ya hana ofisoshi goma sha ɗaya ganin saƙo.

Ranar Alhamis Injiniya ya dawo. Da ya ji labari ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce, "Haba jama'a, ai na sanar da ku. Tun ranar Asabar na tura wa kowa saƙo." Gaskiya ya faɗa, ya tura. Saƙon yana nan, mun same shi daga baya, da bayani dalla-dalla har da hoto. Sai dai alamar shigowarsa jan ɗigo ce, jan ɗigon kuma yana kan layin. Injiniya, ɗan'uwana, ka sauya wa ɗaki makulli, ka rubuta wasiƙar sanarwa, ka ajiye ta a cikin ɗakin, ka kulle ka tafi bita.

Kowa ya saki ajiyar zuciya, aka kwashe kalandu, aka juyo da kwamfutar da ke kallon bango. Na ɗauka takardar Yaya za ta fita a ranar. Na je wurin Sakataren Mulki, ya ce mini, "Tafireta, ni ma ban ji daɗi ba. Amma takarda ta riga ta sami lamba. Kuma ai ita da kanta ta amsa laifi." Takarda mai lamba ba ta fita daga fayil sai da sa hannun Darakta. Darakta ba ya sa hannu sai da shawarar kwamiti. Kwamiti ya zauna sau huɗu, ya ce shi a kan layi aka kafa shi, ba a kan takarda ba. Mako biyar ke nan. An wanke hankici, an wanke Injiniya, an wanke hedikwata, ba a wanke matar ba.

Tun ranar Yaya ta daina zama da mu lokacin shan shayi. 'Yarta, da ke aikin jinya a wani gari mai nisa, ta kira ta sau uku tana tambayar ranar sallama, domin ta nemi hutu ta zo da jikoki su ji an kira sunan kakarsu. Har yanzu Yaya ba ta ba ta rana ba, kullum sai ta ce ba a tsayar ba tukuna. An tsayar, jama'a, ni na buga sanarwar.

Ra'ayina a kan ƙuri'a gajere ne. A bar layin a fili a taga, da sashen buga takardu, da duk teburin da saƙo yake sauka ko jama'a suke jira. Dogo da masu ƙananan kwamfutoci, wanda yake so ya ɓoye nasa ya ɓoye da hannunsa, domin wanda ya ɓoye abu da kansa ya san inda ya sa shi. Kada kuma a sake sauya wa mutum kayan aikinsa sai an tsaya a gabansa an gaya masa da baki.

Ranka ya daɗe, akwai abin da na tsallake a cikin labarin nan, kuma da gangan na tsallake, domin ina neman ƙarfin faɗarsa. Ranar Litinin ɗin, wajen tsakar rana, Yaya ta rufe tagarta na minti biyu ta zo teburina. Ta sunkuyo ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ƙanena, layina ya tafi. Naka yana nan?" Ni ne mai kalandar. Na gyara wa kalandar zama da yatsa, na dubi matar da ta nuna mini inda ake sa hannu ranar da na fara aiki, na ce, "Nawa lafiya lau, Yaya." Da na ce mata nawa ma ya tafi, da mun leƙa tebur na gaba, da kafin awa guda kowa ya gane, da ba ta rubuta komai ba. Ranar Laraba kuma, da aka kawo takardar tuhumarta a buga, ni na buga ta, a kan kwamfutar da ita ma ba ta da layi. Ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Ina jin kunyar wannan fiye da duk abin da na taɓa yi a wannan gini. Yaya, a gaban mutanen nan nake roƙon ki, ki yafe mini.

Ga tawa wasiƙar, ranka ya daɗe, na rubuta da hannuna, ina ajiye ta a gabanka. Idan ɓacewar layi laifi ne, nawa ya ɓace a rana ɗaya da nata, na kuma ƙara da ƙarya. Yanzu ina roƙon duk wanda ya kunna kwamfutarsa a waccan Litinin ya ga babu layi, ya ɗauka shi ya ɓata, ya yi shiru, ya miƙe tsaye tare da ni. Ba zan kira suna ba. Zan jira.

Na gode, Dogo. Ashe kafin ka ji daɗinsa ka sha fargabarsa. Na gode, sashen fayiloli, na ga kun tashi gaba ɗaya. Masu duba gine-gine, sannunku. Mai ofishin da ba taga, Allah ya ƙara girma. Sakataren Mulki, na ga kana gyara zama, ban sani ba ko tashi ne. To, tashi ne. Yaya, ke zauna, don Allah. Ke kin riga kin miƙe tun ranar Talata.

Ashirin da tara, talatin da huɗu, talatin da shida har da ni. Saura ɗaya, wataƙila yana hutu.

Ranka ya daɗe Darakta, har kai ma ka miƙe? Wallahi ban zata ba. Talatin da bakwai ke nan, mun cika.

To ga lissafi a gabanka, wanda ko ni na fahimta. Ko dai a buga takardun tuhuma talatin da bakwai, ni zan buga su, in fara da tawa, ta biyu kuma taka ce, sai ka gaya mini wanda zai sa mata hannu. Ko kuma a cire guda ɗaya. Na ga shugaba yana yi wa Sakataren Mulki alama da hannu. Fayil ɗin yake nema, ranka ya daɗe Sakatare, tunda da ma a tsaye kake. Jama'a, ku ba shi hanya, shugaba ya riga ya buɗe bironsa.

Yaya, idan an tashi daga nan, ki kira 'yarki ki ba ta rana.

Allah ya saka wa shugabanmu da alheri, ya ƙara masa lafiya da adalci. Allah ya mayar da baƙonmu gida lafiya, ya sa ya kai labarinmu da sassauci. Allah ya yi wa Injiniya jagora a kan na'urorinmu, ya yi wa magina albarka a gine-ginensu, ya tsare direbobinmu a hanya da masu gadinmu a bakin ƙofa. Allah ya ba Yaya Mai Hatimi hutu mai daɗi a cikin 'ya'yanta da jikokinta, ya sa ta fita daga wannan gini kanta a ɗage kamar yadda ta shigo. Mu kuma da za mu rage, Allah ya ba mu ƙarfin cewa "ni ma" a lokacin da faɗarsa zai yi wa wani amfani.

Ga waɗanda suka saurara, da waɗanda suka miƙe, na gode.